Mun Tsare Yaranmu a Gida Don Gwamnati Ta Gani

A lokacin da wannan abu ya faru, ni saurayi ne da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Na koma ƙauyenmu da ke can bayan Vimtim, a yankin Mubi, da takardar digiri a cikin leda, ba aiki ba dalilinsa, ina kwana a ɗakin da mahaifina ya rasu ya bari. Ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a, don haka mutane suna yi mini kallon wanda ya san komai, alhali ni mutum ne mai tsananin tsoron kuskure. Ko hanya baƙo ya tambaye ni, sai na ce ina jin nan ce, amma ya ƙara tambaya a gaba. A makaranta an yaba mini wannan hali, an ce natsuwa ce. Ban san cewa a gaban mutanen da ba sa jin kunya, halin nan ƙofa ce da aka bari a buɗe ba. Ba zan kama sunan kowa a wannan labari ba, ba don sun cancanci a rufa musu asiri ba, sai don har yanzu mahaifiyata a cikinsu take zaune.

Mu uku ne a gidan: ni, da mahaifiyarmu da muke kira Dada, da ƙanwata, autarmu, wadda a shekarar ta gama aji uku na ƙaramar sakandare. Yarinya ce mai kaifin kai, ta fi ni ƙarfin hali nesa ba kusa ba, kuma burinta ta zama ma'aikaciyar jinya. Abin da muke ci daga gonar Dada yake fitowa, dawa da masara da gyaɗa, kuma gonar ba ta yiwuwa sai da gayya. A wajenmu gayya ita ce rayuwar macen da ba ta da miji. Idan lokacin noma ko cirar gyaɗa ya zo, mai gona za ta dafa abinci ta dama kunu, mutanen unguwa su fito, Musulmi da Kirista, su gama mata a yini guda aikin da ita kaɗai za ta yi wata tana fama da shi. Ranar da ta wani ta zagayo, ita ma ta fita. Wanda aka cire daga gayya kuwa, an gama da shi ne ba tare da an taɓa lafiyar jikinsa ba.

Makarantar ƙauyenmu a aji uku take tsayawa. Babbar sakandare ta gwamnati mafi kusa da mu tana can wajen gari, tafiya ce mai nisa, kuma sai an haye mayo, wato kogin da ke tsakaninmu, wanda da damina yakan cika ya hana ko mashin wucewa. Saboda haka tun da can, yaron da zai ci gaba da karatu sai dai a kai shi Mubi ya zauna wajen dangi. Ni ma haka na yi. Kuma duk shekara sai an yi gardama a kan wannan. Wasu su ce yara mata lalacewa suke yi a gari, wasu su ce dangin gari bayi suke mayar da yaran ƙauye, wanke-wanke da ɗiban ruwa har yaro ya rasa lokacin duba littafi, wasu kuma tun lokacin da rikici ya sa aka yi gudun hijira suka ƙudura ba za su ƙara barin ɗansu ya kwana nesa da su ba. Ba zan ce maganganun nan ba su da tushe ba, don ni kaina na ɗebi ruwa a gidan mutane har kafaɗata ta yi kanta. Amma gardama ce ta cikin gida, kowa yana yanke wa ɗansa abin da ya ga ya dace, har sai da Ciyaman ya sa baki.

Ciyaman shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi ritaya, yana da gida a Mubi yana da gida a ƙauye. Abokin mahaifina ne, don haka Bappa nake kiransa, wato baffa. Ba na son in ɗauki alhakinsa, mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ya fara, Allah ne masanin zuciya. Abin da na sani shi ne, mutum ne da ko gona zai je dubawa sai ya zuba babbar riga, kuma ba ya iya jera magana uku bai ambaci wani babba da suka sha shayi tare ba. An kuma daɗe ana raɗe-raɗin yana harin kujerar kansila. Shi ya kira taro a harabar makaranta, ana saura 'yan makonni a koma karatu, ya ce ya gano dalilin da ya sa har yau ba a ba mu babbar sakandare ba. Ya ce gwamnati ba ta da kunne, ido gare ta. Muddin muna kwashe yaranmu muna rarraba su a gidajen Mubi, jami'ai za su ce ba mu da buƙata. Amma idan duk yaran da suka gama aji uku suka zauna a ƙauye, aka zo aka gan su jingim ba malami, dole kunya ta kama gwamnati. Haƙurin shekara ɗaya ne kawai. Wanda kuma ya fitar da ɗansa a ɓoye, ya ci amanar gari, a cire gidansa daga gayya.

Wuri ya kaure da hayaniya. Wani dattijo daga baya ya ce shekarar yaro ba ta dawowa, wani ya ce masa ai dama shi bai taɓa son gari ya ci gaba ba, aka kusa ba hammata iska. Nan ne Ciyaman ya nuna ni da yatsa, ya ce ga ɗansa nan da ya ga duniya, a tambaye shi ko ana yin haka. Na miƙe. A zuciyata na san shawarar banza ce, domin ban taɓa jin inda kunya ta kama gwamnati ba. Amma abin da ya fito daga bakina daban. Na ce ni dai ban ga wata doka da ta faɗi haka ba, kuma ba zan iya rantsuwa zai yi aiki ba, sai dai ba zan ce ba a taɓa yi a wani wuri an dace ba, tun da ban san ko'ina ba. Kafin in kai ga “amma” ɗin da nake shirin kawowa, Ciyaman ya ɗaga hannu ya ce, “To, kun ji da kunnenku. Mai digiri ya ce ana yi.” Na buɗe baki in gyara, sai na hangi liman da fasto a benci ɗaya suna jinjina kai, na ce a raina wataƙila ba yanzu ne lokacin ba, zan same shi a keɓe. Aka ce kowa ya ɗaga hannu ya rantse da Allah, kowa bisa addininsa. Dada ta dube ni daga inda mata suke zaune, ta ga ban ce komai ba, ta ɗaga nata.

Da muka koma gida ƙanwata ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bakin ƙofata, ta kira ni yadda ake kiran yaya a wajenmu, ta ce, “Hamma, kai a gidan wa ka jira gwamnati?” Na ce mata shekara ɗaya ba wani abu ba ne, kuma ni da kaina zan riƙa koya mata karatu kafin lokacin. Ta ce Allah ya sa, ta ɗauki tulu ta fita. Na je wajen Ciyaman a keɓe kamar yadda na yi niyya, na yi ta kewaye-kewaye, ya sa aka kawo mini fura, ya ba ni labarin yadda suka yi yaranta da mahaifina, na taso ban faɗi abin da ya kai ni ba.

Bayan girbi aka yi gayyar bulo, aka tayar da ɗakuna biyu a gefen makaranta, aka ce su ne azuzuwan babbar sakandare. Rufi kuma wani babba ya yi alkawari, ana jira. Daga nan aka shiga abin da har yau idan na tuna shi nake rasa wanda zan fi rainawa, su ko ni. Duk ranar da labari ya zo cewa jami'ai na tafe, sai a bi gona da kasuwa a tattaro yaran, su sa tsofaffin kayan makarantarsu da suka fara yi musu kaɗan, a kwaso benci daga coci, a jera su a ɗakunan nan marasa rufi rana na dukansu. Ni kuma a tsayar da ni a gaba da alli a hannu, Ciyaman yana bakin ƙofa yana ɗaukar hoto da waya, yana cewa in ɗan juya in nuna bango kamar ina bayani. Iyaye mata su tsaya a waje, ya riƙa yi musu faɗa su daina hira da dariya, kada baƙo ya ɗauka daɗi muke ji. Yawanci ba wanda yake zuwa. Sai la'asar a sallami yara a mayar da benci. Sau ɗaya wata mota ta zo, mutumin da ya fito bai wuce inuwar bishiya ba, ya leƙa daga nesa, aka wuce da shi gidan Ciyaman ya ci kaji, ya tafi da akuya a bayan mota da alkawarin za a duba. Ciyaman ya yi wata guda yana ba da labarin wannan ziyara.

Don in rage wa kaina nauyi, na ce zan riƙa koyar da yaran da gaske kowace safiya. Na yi iya ƙoƙarina, amma ni tarihi na karanta, ba ni da abin da zan ba yarinyar da take son aikin jinya, ba littattafai, ba komai. Yaran suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Maza suka kama haya da mashin ko dako ranar kasuwa, mata suka koma talla da aikin gida. Ƙanwata ce ta ƙarshe da ta daina zuwa. Akwai safiyar da muka zauna daga ni sai ita a cikin bangon nan, na gama karanta mata abin da ni kaina ban gane ba, ta ce idan a gida ne ai da mun samu inuwa. A cikin yaran akwai ɗan Ciyaman, sa'an ƙanwata, tare suka gama aji uku. Shi an ce yana Mubi yana koyon gyaran waya wajen ƙanin uwarsa, tun da rantsuwa ba ta hana sana'a ba. Ranar zuwan baƙi kuwa ba ya fashi, za a kawo shi a mashin ya sa tsohuwar rigarsa ya zauna a sahun gaba. Har tausayinsa nake ji, ina cewa ga yaro mai ƙoƙari ubansa ya sadaukar da shi saboda gari.

Shekara ta zagayo ba makaranta ba labarinta. Ciyaman ya ce maganar tana kan teburin ƙarshe, janyewa yanzu asarar haƙurin da aka yi ne, kuma ga sabbin yaran da suka gama aji uku an ƙara, yanzu ne ma gwamnati za ta gani da kyau. Aka ƙara shekara. A daidai lokacin Allah ya taimake ni na samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a unguwar Sabon Layi da ke Mubi, na kama ɗaki a gari. Ranar da na fara shiga aji biyu na babbar sakandare, yara suka miƙe gaisuwa, wanda ya ba da umarnin miƙewar kuwa ɗan Ciyaman ne, cikin sabbin kaya masu guga, shi ne monita. Muka haɗa ido ya sunkuyar da kai. Duk da haka sai da na ce wa kaina wataƙila kama ce, ko kuma bana aka sa shi bisa wani dalili da ban sani ba. Na tambayi wani malami a fakaice, ya ce ai yaron tun bara yake nan, ko yini ɗaya bai rasa ba sai ranakun da ake zuwa ɗaukarsa wai kakarsa ba lafiya a ƙauye.

Ba a kwana biyu ba Ciyaman ya zo makarantar, ya sa aka kira ni bakin get. Ya yi mini murnar samun aiki, ya tambayi lafiyar Dada, ya yi wa mahaifina addu'a, sa'an nan ya ce, “Ɗana, rantsuwar da muka yi a kan makarantar gwamnati ce. Wannan ta kuɗi ce, ba ruwan gwamnati da ita.” Na ce Bappa, ni dai ban tuna an ware ba, amma mai yiwuwa ban ji da kyau ba. Ya dafa kafaɗata ya ce in bar wannan. “Ka kawo ƙanwarka gari. A ce ɗinki ta zo koyo, ni da bakina zan faɗa wa mutane. Ranar da baƙi za su zo a mayar da ita ta zauna, da yamma ta dawo. Wa ya rasa?” Na ce to sauran yaran fa. Ya yi 'yar dariya ya ce sauran yaran ai suna da iyayensu. Ya shiga keke mai ƙafa uku ya tafi, ya bar ni tsaye da ƙurar alli a hannu.

Na san abin da ke gabana sarai. Idan na karɓa, ranar Litinin ƙanwata tana aji, Dada kuma tana cikin gayya, ba wanda zai ce uffan. Na je gida na faɗa wa Dada. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce da yarenmu in karɓa, ita ba a ɗora mata 'ya'yan gari ta goya ba, ɗaya gare ta da ta rage. Ƙanwata ta ce ita ko wacce hanya ce ta yarda, in dai za ta koma aji. Ni kuma na ga idan na karɓa na zama Ciyaman ƙarami, zan riƙa tsayawa da alli a gaban 'ya'yan mutane alhali tawa tana karatu a ɓoye. Na ce musu abin da ya dace shi ne a kai maganar gaban taro. Da zarar mutane sun ji, rantsuwa ta rushe, kowane yaro ya tafi makaranta da rana tsaka, har da tamu. A lokacin na ɗauka gaskiya faɗinta kawai ake yi ta yi aikinta. Kuma saboda ba na son a ce na yaɗa gulma, na ƙi faɗa wa kowa, na zauna jiran ranar taron ƙungiya, wanda aka yi ta ɗagawa har gyaɗa ta nuna. Makonnin nan duk a cikin zangon karatu suke tafiya, ina ganin haka, ina ce wa kaina gara a bi tsari.

Ranar taron na miƙe, na fara da cewa ba na zargin kowa, kuma mai yiwuwa akwai bayanin da ban sani ba, amma ɗan Bappa yana ajin da nake koyarwa a Sabon Layi, kuma tun bara yake can. Na jira wuri ya kaure. Ba abin da ya motsa. Na dubi dattawan da ke bencin gaba, ban ga mamaki a fuskar ko ɗaya ba, sai a lokacin kaina ya fara aiki. Wannan 'yarsa tana Michika wai tana jinyar goggonta, jinyar da ta ƙi ƙarewa. Wancan ɗansa yana koyon walda a gari, amma hannunsa ya fi nawa laushi. Na kusa da shi 'yarsa tana taya matar yayanta raino. Yaran da suka zauna a ƙauye da gaske, 'ya'yan zawarawa ne da na waɗanda ba su da kowa a gari. Su aka tara a rana don a ɗauki hoto. Har na bayan ma, da na juya, na ga kowa ya sa ido a ƙasa. Ashe su ma sun sani, ko sun yi zato, amma gayya a hannun na gaba take, takin da ake rabawa ma ta hannun Ciyaman yake biyowa. Ni kaɗai ne a duk ƙauyen, da digirina, nake ɗaukar labarin a matsayin sabo.

Wani dattijo ya miƙe. Bai tambayi ko abin da na faɗa gaskiya ne ba. Tambayarsa ita ce, wa ya koya wa yaron nan kama sunan abokin ubansa a bainar jama'a. Wani ya ce ga irin abin da ake gudu ke nan idan yaro ya tashi a gidan mutane a gari. Ciyaman ya miƙe a hankali, ya gyara riga, ya ce shi ya yafe mini duniya da lahira, yaro ne, boko ne ya yi masa yawa, amma haɗin kan gari ba nasa ba ne balle ya yafe. Kafin a tashi an yanke cewa rantsuwa tana nan, gidan da ya nemi raba kan jama'a kuma an cire shi daga gayya. Wato gidan da bai fitar da yaro ba aka hukunta, waɗanda suka fitar su ne alƙalai. Liman ya yi addu'ar buɗewa, fasto ya yi ta rufewa, aka watse. Washegari na je gidan Ciyaman na durƙusa na ba da haƙuri, saboda Dada. Ya ce ai shi ya riga ya yafe, sauran kuma maganar jama'a ce. Zancen ɗinki bai ƙara tasowa ba.

Ranar da ya kamata a cire mana gyaɗa, Dada ta tashi ta dafa abinci ta dama kunu kamar kullum, ta ce mutane ba za su iya ƙin zuwa ba, ta fita gayyar kowa tun kafin a haife ni. Muka kai abincin gona muka zauna. Ba wanda ya zo sai wata maƙwabciya da ta leƙo da sassafe ta ɗan taɓa, ta koma kafin a gan ta. Muna jiyo waƙar gayya daga wata gona can ƙetare. Kunu ya yi tsami, da yamma aka zuba wa awaki. Ruwa ya riga ya ɗauke, ƙasa tana bushewa kullum, idan ka ja gyaɗa sai ganye ya biyo ka, 'ya'yan su tsaya a ciki, sai an bi da fartanya ana tono. Ni Asabar da Lahadi kawai nake samu, kuma hannuna bai saba ba. Ƙanwata ce ta yi aikin, ita da Dada, daga gyaɗa suka shiga dawa. Ko da na ce zan ɗauke ta da rana tsaka tun da ba abin da ya rage a tsorata mu da shi, ba yadda za a yi ta bar tsohuwa ita kaɗai a tsakiyar girbi. Kafin su gama an rufe ɗaukar ɗalibai. Shekara ta biyu ta tafi.

Rantsuwar ba wanda ya warware ta, mutuwa ta yi da kanta. Ciyaman ya samu abin da yake nema a siyasa, ya daina zancen makaranta, mutane suka ci gaba da kai yaransu Mubi kamar ba a taɓa ɗaga hannu ba. Amma hukuncin da aka yi mana bai mutu ba, domin shi ba a kan makaranta aka yi shi ba, a kan bakina ne. A shekara ta uku na kawo ƙanwata gari, na sa ta a makarantar gwamnati, muna zaune tare. Ta fi kowa tsawo a ajin, sa'o'inta suna shirin jarrabawar fita, yara suna kiranta Anti. Ta daure, kuma malamanta sun ce tana kamowa. Na fara tunanin ko Allah ya rufa asiri. Sai ruwan farko ya sauka. Na dawo daga aiki na tarar ta ɗaure kayanta a zani, ta ce, “Hamma, wa zai yi wa Dada noma?” Na ce ta dakata, wataƙila in samu masu aikin ƙwadago idan an biya mu, wataƙila kuma idan na ƙara samun dattawa bana su sassauto. Ta ce ciyawa ba ta jiran a sassauto, za ta je ta yi noman farko ta dawo. Na raka ta inda ake hawa mashin. Bayan noman farko sai maimai, bayan maimai sai girbi. Ba ta dawo ba.

Yau tana ƙauye, ita ke riƙe da gonar, tana matsar mai tana soya ƙuli-ƙuli tana kawowa kasuwa. An mayar da gidanmu cikin gayya daga baya, ba sanarwa ba ban haƙuri, kawai wata shekara mutane suka fito, Dada ta dafa musu abinci ta yi musu godiya. Ɗan Ciyaman yana jami'a, kuma idan muka haɗu har ƙasa yake gaishe ni, ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. Ƙanwata ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba. Idan wani a unguwa ba shi da lafiya, ita ake kira ta duba takardar magani ta faɗi yadda za a sha, kuma takan yi da fara'a. Ni ne ba na iya tsayawa a wurin.

Har yanzu ba zan iya cewa ga abin da ya kamata in yi a bakin get ɗin nan ba. Wani lokaci in ga da na karɓi ƙaryar ɗinki da yanzu ƙanwata tana asibiti da farin kaya, wani lokaci in ga da ban ƙara iya kallon 'ya'yan maƙwabta ba. Amma abu ɗaya ba na shakka a kansa, kuma ni ba kasafai nake faɗin haka ba. Ranar taron farko, da aka nuna ni da yatsa, a'a ya kamata in ce, a'a ɗaya tak ba ado. Wanda ya yi karatu ya koma cikin mutanensa ya sani, ba don ya nuna ladabi ake tambayarsa ba. Idan ya tsaya auna magana, akwai wanda yake gefe yana jira ya yanki rabin da yake so ya tafi da shi. Su kuwa masu manyan riguna da suke kiran taro da sunan ci gaban gari, na daina mamakinsu, raini kawai ya rage. Ba makaranta suke nema ba, taron yara suke nema a bayansu, kuma ba su taɓa yin kuskuren sa nasu a ciki ba.

Ga iyaye, musamman mata masu riƙe da gida su kaɗai, nisan makaranta wahala ce ta gaske, ban musa ba. Mayo yana cika, dangi suna sa yaro bauta, hankalin uwa ba ya kwanciya. Amma duk wannan yaro yana wuce shi ya fito da abinsa a hannu, shekarar da aka zaunar da shi kuwa ba mai biyansa. Ku nemi makaranta a ƙauyenku da duk ƙarfinku, amma yaranku suna aji kuke nema. Idan wani ya miƙe a taro ya ce ku ɗaga hannu ku rantse da karatun 'ya'yanku, kafin hannun ya tashi ku tambaye shi inda nasa ɗan yake wuni. Idan ya ce sana'a yake koyo, ku hau mashin ku je ku ga shagon.